Dokar Ayabar Senga Nanfuka

A kasuwar Nyendo da ke Masaka, in ka ji wata murya ta taso daga layin masu ganyen ayaba ta danne kukan injin niƙa, ba sai ka tambaya ba, Teopista Nanfuka ce ke gyara wa duniya zama. Gajeriya ce mai faɗin ƙugu, ta ba hamsin baya, tabarau na reto a ƙirjinta da igiyar takalmi. Ganyen da ake naɗe matoke, wato ɗanyar ayabar ci, a turara shi take sayarwa tun tana budurwa, kuma ta hanyar ganye ta san cikin kowane gida: wadda ta rage saye miji ya ƙaura, wadda ta ƙara suruka ta sauka. Ita ce shugabar iyaye mata a cocinsu. Ba zaɓenta aka yi ba. Ranar zaɓen dai ta riga kowa zama a kujerar, aka rasa mai ce mata tashi.

Yaƙi biyu ta yi waɗanda garin bai manta ba.

Na farko, lokacin da ƙasa ta ɗauki zancen dokar toshe finafinan batsa a waya. Nanfuka ta cika motar haya da mata suka tafi Kampala da kwalayen zanga-zanga, suka yi ta waƙa a rana har muryarta ta dishe. Ko fim ɗaya ba ta taɓa gani ba, wannan kuwa shi ya ƙara wa harshenta kaifi, don ba abin da ya kai wanda ba ka gani ba daɗin tsinewa. Da aka ce an toshe, kaza ta yanka. Da kuma jita-jita ta zo cewa za a sayo wani inji daga waje mai sansano batsa ko da wayar na cikin aljihu, sai ta samu sandar duka. Duk ɗan acaɓan da ta hango ya duƙufa a kan waya yana murmushi shi kaɗai, sai ta ɗaga murya.

"Ci gaba, ɗan nema! Injin na hanya. Ranar da zai yi kuka a wandonka ina nan zaune, ido biyu."

Na biyu shi ne na Malama Kyomuhendo, wadda ta rataya zanen cikin jikin mace a allon makarantar sakandare, tana nuna wa 'yan aji da tsinke inda ciki ke shiga da inda cuta ke bi. Nanfuka ta ja mata har cikin ajin, ta yage zanen daga allo ta naɗe shi kamar tabarma, ta faɗi maganar da har yau ake maimaitawa a kasuwa: "Wannan aikin senga ne! Mutuwa muka yi da za a ba baƙuwa?" Mata suka ɗauki guɗa. Gaskiya kuwa ta faɗa. Uba ba ya buɗe baki a kan wannan zance, uwa ma kunya ta ɗaure ta, gwaggo ce, senga, ke zaunar da yarinya ta gaya mata abin da ke bayan labule. Malamar ta bar koyarwa, ta buɗe ɗan kemis a bakin tasha.

Abin da ba wanda ya tsaya ya tambaya shi ne, ita Nanfuka wa ya zaunar da ita? Sengarta ɗaya ce a duniya, kuma sista ce ta coci, wadda ta yi wa Allah alkawari ba ita ba namiji. Ana gobe auren Nanfuka ta zo da farin lulluɓinta, ta damƙa mata carbi, ta ce, "Ki rufe ido ki ja wannan, ba ya daɗewa." Nan karatu ya fara, nan ya ƙare. Sistar kuwa ba ta yi ƙarya ba. Mijinta, marigayi Kaggwa, direban babbar mota ne, mutumin da ya ɗauki shimfiɗa kamar shingen 'yan sanda: a wuce da sauri, kada a haɗa ido. 'Ya'ya huɗu ta haifa masa, duk maza, ya mutu ba ta taɓa ganin cinyarsa da hasken fitila ba.

Saboda haka duk sanda ta daki ƙirji ta ce aikin senga ne, can ƙasan ƙirjin wata 'yar murya na roƙon Allah kada a kawo aikin. Ƙasa da wannan muryar ma akwai wani abu, wanda ko a gaban Fadan coci ba ta taɓa faɗa ba, don ba ta san sunansa ba. Ranar da ta faɗa ajin nan ta ga 'yan mata zaune da biro a hannu, ana ba su a fili, da rana tsaka, abin da ita ta yi haihuwa huɗu ba ta samu ba, ba tsoron Allah ne ya fara taso mata ba. Wani ɗaci ne, irin na wadda aka raba nama tana bayan gida.

Ɗiya ɗaya tal ce a wuyanta, Nambirige, 'yar ƙanenta Sebunya mai gawayi. Nanfuka ta yi ta ɗaga ranar zama da ita. Sai ta yi hankali. Sai ta gama makaranta. Sai miji ya fito. To, Nambirige ta kai ashirin da bakwai tana zaune a 'yar rumfarta ta tura kuɗi ta waya, miji ya fito: Mukiibi mai gyaran firiji, wanda ke kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙan coci. Aka sa ranar kwanjula, ranar da senga ke miƙewa a gaban dangi biyu ta kamo hannun saurayi ta ce wannan ta ƙofata ya shigo. Nanfuka ta ba da ɗinkin gomesi, doguwar rigar biki mai kafaɗu tsaye kamar za ta tashi sama da su.

Rana ta matso, sai ga Sebunya a bakin rumfarta, yana jujjuya ganye kamar mai saye.

"Yaya, 'yarki ta ce ta fasa."

"Ta fasa? Da izinin wa?"

"Ni ina na sani? An kama rumfuna, an sayi saniya, ta ce ita ba za ta iya ba. Na ce ba za ki iya me ba, ta sa min kuka. Uwarta ta tambaye ta, ta ce ba maganar uwa ba ce." Ya share zufa da bayan hannu, ya bar layin gawayi a goshi. "Shi ne uwar tata ke cewa, wai ko a ɗauko irin sengar nan ta haya, masu magana a rediyo. An ce sun iya aiki."

"Ta haya."

"Ba ni na faɗa ba, Yaya."

"Ta haya, ina raye, ina numfashi, ina zaune a tsakiyar Nyendo? Dama matarka tun ranar da ta shigo gidanmu take neman inda za ta ga wallena. Ka koma ka gaya mata keke ake haya, ba a hayar gwaggo. Turo min yarinyar."

Maƙwabtan rumfa duk sun ji, ita ma don su ji ta yi. Sai da ya ɓace a cikin mutane ta lura ta yaga ganye mai kyau gida biyu. In aka ga sengar haya a kujerarta ranar kwanjula, kasuwa ba za ta yi mata faɗa ba. Tambaya ɗaya kawai za a yi, a hankali, ana auna tumatir: to ita da ta yage zanen malama, me ta ajiye a madadinsa?

Nambirige ta zo da azahar, ta durƙusa har ƙasa ta yi doguwar gaisuwa. Nanfuka ta ja ta bayan rumfa, inda ganye ke jibge cikin inuwa yana ƙamshin ɗanyen ruwa.

"To, faɗa min. Dukanki yake?"

"A'a, Senga."

"Wata gare shi?"

"A'a."

"Ciki ne?"

"Haba Senga! Mutumin da ko hannuna sai ya nemi izini yake riƙewa?"

"To uban mene ne?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana murza gefen siket. "Na yi ta jira ki kira ni, Senga. Da na ga rana ta matso ba ki ce komai ba, sai na ce bari in duba da kaina in ga me ke jirana." Ta zaro waya daga jaka.

Nanfuka ta ja da baya kamar an zaro maciji. "Ai an toshe!"

"Toshewar da ko mai tallan gyaɗa ya san ta inda ake zagayawa? Akwai ɓarauniyar hanya, dannawa ɗaya ce."

"Injin fa?"

"Wane inji?"

"Mai sansanowa mana!" Ta leƙa ta tsakanin buhuna tana duba hanya.

"Senga, tun yaushe ake cewa yana hanya? Ko da ƙafa yake tahowa ai ya ci a ce ya iso." Ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai idonta ba. Ta miƙa wayar da hannu biyu, kamar mai miƙa ruwa ga babba. "In abin da ake yi ke nan, ni wallahi ba zan iya ba. Gara a ce na ba da kunya yanzu da in mutu a ɗakin mutum. Ki duba ki gaya min. Ke ce senga."

Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Nanfuka ta yi alamar gicciye, ta ɗora tabarau a hanci. Ta yago ganye ta naɗe gindin wayar da shi, ko da injin na kusa, sannan ta ce a danna.

Da farko baki buɗe ta yi ta kallo. Can sai idon 'yar kasuwa ya farka, idon da ke gane ganyen jiya ko an yayyafa masa ruwa.

"Da takalmi a kan gado? Wace uwa ta haifi wannan?"

"Senga, a hankali."

"Wannan kuma wane ne ya faɗo ba sallama?"

"Mai gyaran famfo ne."

"To ga famfon can yana zuba, ya bar shi! Ruwan banza suka samu?" Ta karkata kai hagu, ta karkata dama, ta juya wayar a kife ko za ta gane ƙafar waye a sama. "Ke, wannan kukan da take yi ba na daɗi ba ne, ba na wuya ba ne. Na ciniki ne. Haka Nakato mai kifi ke yi in tana son a yarda kifinta na yau ne. Dubi idonta, lissafin cefane take. Kashe, kashe, wuyana ya fara ciwo a madadinta."

Nambirige ta yi dariya har da hawaye, irin dariyar wanda aka sauke wa kaya. "Ke nan ƙarya ne?"

"Tsagwaronta."

"To na gaskiyar yaya yake?"

Nanfuka ta buɗe baki. Ta leƙa cikin kanta ta ga abin da ke ajiye: carbi guda da direban babbar mota. Ta rufe bakin, ta cire tabarau ta goge shi da bakin zane, ta daɗe tana gogewa.

"Ba a faɗar wannan a kasuwa, kunnuwa sun yi yawa. Ki zo gida jibi."

Washegari ta bi ta bayan tasha, ɗankwali har gira, ta shiga kemis ta ce maganin gwiwa take so. Malama Kyomuhendo ta ɗago, ta dube ta sama da ƙasa, fuskarta ta washe kamar ta wadda ta ci caca.

"A'a! Yau senga ce da kanta a shagon baƙuwa? Ko gwiwar ma za a yage?"

Nanfuka ta haɗiye maganar. Ta jira mai sayen maganin tari ya fita. "Wata ƙawata ce ke da 'yar ɗan'uwa da za ta yi aure."

"Ƙawar taki ganye take sayarwa?"

Malamar ta daɗe tana jiran wannan rana, ba ta kuwa yi wasa da ita ba. Ta sakaya ƙofa, ta warware sabon zane a kan tebur, ta jawo aljihun tebur ta fito da wani sassaƙen itace mai siffar gaban namiji da aka ba su a wurin bita, ta dasa shi tsaye kusa da kwalaben maganin tari. Da ya faɗi ta ce wa shugabar iyaye mata ta riƙe mata shi. Sannan ta shiga karatu da muryar aji, sunaye na Turanci na zuba: ga bututu, ga ƙwai, ga kwanakin haɗari, ga cututtuka da yadda ake tare su. Nanfuka na tsaye da itace a hannu kamar mai riƙe da kyandir a coci, tana addu'ar kada wani ya turo ƙofa.

Amma kunnenta na aiki. Nan ta ji cewa zafi ba farilla ba ne. Ta sa yatsa a kan wani ɗan ɗigo a zanen.

"Wannan fa, mene ne aikinsa?"

"Jin daɗi."

"Sai me?"

"Shi ke nan aikinsa."

"Allah ya zauna ya yi abu guda don wannan kawai? Kowace mace?"

"Har da ƙawarki."

Nanfuka ta laluba benci ta zauna. Haihuwa huɗu da jana'izar miji, ashe da gadonta take yawo a jiki ba wanda ya ce mata ga shi. Malamar ma, da ta shirya ƙarin baƙar magana, sai ta mayar da ita ciki.

"To na ji bututu, na ji ƙwai," Nanfuka ta ce daga baya. "Amma yarinya tsoro take. In an rufe ƙofa, su biyu, me zan ce mata ta yi?"

"Sai su tattauna. A samu fahimta da amincewar juna."

"Da wane baki? Wa zai fara? Ya ce me?"

Malama Kyomuhendo ta shiga gyara kwalaben da ke a gyare. Nata mijin ya tafi Mbarara neman aiki tun shagon bai da rufi, har yau yana nema. "Wannan ba ya cikin manhaja," ta ce. Ta karɓe itacenta ta jefa a aljihun tebur. "Wannan kam aikin senga ne."

Al'ada ta ba senga wata ƙofa da ba ta ba kowa ba: a duk dangin amarya ita kaɗai ango ke iya zama da ita su yi magana ido da ido. Nanfuka ta aika a kira mata Mukiibi gida. Da ya shigo sai da ta sake sa tabarau. Saurayin da ta sani mai kumatu ya zabge, ido ya yi ja, ya ɗosana a bakin kujera. Kafin a gama gaisuwa ya nemi izini ya ruga bayan gida.

"Ɗana, me ke cinka?" ta tambaya da ya dawo yana riƙe da ciki.

"Wata saiwa ce, Senga. A motar Kampala na saya. Ta ƙarin ƙarfi."

"Ƙarfin ɗaukar firiji?"

Ya dubi silin.

"Miƙo wayarka."

"Senga, na goge! Na rantse na goge!"

"Mai gyaran famfo?"

Ya saki baki. "Kin... kin san shi?"

"Mun haɗu."

Daga nan bakinsa ya ɓalle kamar famfon. "Senga, ni ba zan iya abin da mutumin nan ke yi ba. Ko doki ne ai ya huta. Ni ban taɓa ba, coci na tashi, ganga na sani. Ita kuwa Nambirige waya na hannunta tun safe har yamma, ta san yadda duniya ke yi. In ta ga ban kai ba fa? Ta gaya wa ƙawayenta? Shi ya sa na ce bari in yi shiri. Mai saiwar ya ce cokali ɗaya, ni kuma na ga lokaci ya ƙure, na ƙara."

Ashe shi da Nambirige makaranta ɗaya suka yi, malami ɗaya, kowa ya fito yana tsoron ɗan'uwansa. Dariya ta taso wa Nanfuka, amma a hanya ta haɗu da tsohon ɗacin nan, ya riga ta isa maƙogwaro. Dubi wannan sakarai, ya kusa kashe kansa da zawo don kada ya ba mace kunya. Kaggwa ko ruwan sanyi bai taɓa sha dominta ba. Wa ya taɓa jin tsoron kada Teopista ta tashi ba ta ji daɗi ba? Maganar sista ta zo mata har kan harshe, a shirye, da santsinta: ku rufe ido, ba ya daɗewa. Su ma su ɗanɗana. Ita da ta sha ai ba ta mutu ba.

Ta daɗe tana juya maganar a baki. Idonta ya sauka a kan ayabar da ɗaya cikin 'ya'yanta ya kawo daga gona, kai guda sukutum, ɗanya shar, jingine a lungun ɗaki. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta.

"Gobe ka dawo," ta ce. "Saiwar kuma ka ba ɓeraye."

Washegari ta hau kujera, ta zaunar da su biyu a tabarma, kowa na kallon nasa gefen bango. Ta gyara murya irin ta ranar taro.

"A danginmu akwai doka tun kaka da kakanni. Ba a faɗarta sai aure ya zo, shi ya sa ba ku taɓa ji ba. Ranar da amarya ta tare, ana rataye ɗanyar ayaba kai guda a ɗaka. Muddin ba ta nuna ba, ba a yin komai."

Mukiibi ya ɗago. "Komai, Senga?"

"Kunnenka ma saiwar ta taɓa? Komai. Fitila a kunne, ba a kashewa. Waya a tukunya, a rufe, a madafa." Maganar na fitowa tana mamakin inda take samo ta. Ba wani wuri ba ne, abin da ta so a yi mata ne take karantowa ɗaya bayan ɗaya. "Kullum in kun kwanta, kowa zai yi wa ɗan'uwansa tambaya guda, wadda ya fi jin kunyar yi. Wanda aka tambaya ba ya dariya."

"In dariyar ta zo fa?" in ji Nambirige.

"Ku yi tare. Hannu an yarda masa ya yi yawo, amma mai jiki ke ba da hanya. In ta ce tsaya, ka ja birki ko kana gangara. Kai ma in ka ce tsaya, haka. Akwai kuma wani wuri da zan zana wa 'yata da gawayi in ka fita, ita ta nuna maka ranar da ta ga dama. Kakanninmu sun san shi tun kafin Bature ya zo da zanensa."

"Wanda ya karya dokar fa?" Mukiibi ya tambaya, kumatunsa sun fara dawo da jini.

"Ɗan farinsa da wutsiya zai fito. An taɓa yi a Kalisizo."

Nambirige ta daɗe tana kallon gwaggonta. Ta san danginsu gida-gida, ta sha zaman makoki da na suna, ta ji tsofaffi sun bugu sun faɗi abin da ba a faɗa, ba ta taɓa jin an ambaci ayaba ba. Nanfuka ta ga a idonta cewa ta gano ta. Amma abin da yarinyar ta tambaya daban ne.

"Senga, in ta nuna ban shirya ba fa?"

Wannan Nanfuka ba ta tanada ba. Ta dubi Mukiibi, ta dubi ayabar.

"Sai a sayo wata ɗanya. Ayaba ta ƙare a Masaka ne?"

"Ni zan sayo," Mukiibi ya yi caraf. "Ko gona guda ce."

Nambirige ta juyo ta dube shi, karon farko tun da suka zauna. "A gaya wa Baba kada ya mayar da saniyar," ta ce.

Aka yi kwanjula. Nanfuka ta miƙe cikin gomesinta, kafaɗu na sukar iska, ta ratsa layin baƙi tana rangaji ta kamo hannun Mukiibi a cikin kanzunsa, farar doguwar rigar ango, ta ce wannan ta ƙofata ya shigo. Matar Sebunya dole ta durƙusa ta yi godiya, Nanfuka kuwa ta bar ta a ƙasa har sai da gwiwa ta gaya mata. Lahadin da ta biyo baya ta tashi a taron iyaye mata ta sake zazzage wa waya da darasin makaranta kwandon tsiya, da ƙarfin da ya fi na da, tunda yanzu ta ga duka biyun da idonta. Har ta gargaɗi mata su daina barin masu gyaran famfo suna shiga gida ba sallama. Ba wadda ta yi ƙarfin halin tambayar inda ta samo wannan.

Ba a daɗe da ɗaurin aure a coci ba, wata safiya tana yayyafa wa ganye ruwa, sai ga amarya a bakin rumfa. Ta durƙusa, ta gaishe da Senga, ta gaishe da ciniki, ta gaishe da gwiwa, ta tambayi lafiyar 'ya'ya huɗu ɗaya bayan ɗaya har da matansu. Ta zaɓi ganye, ta ajiye, ta sake zaɓa. Sai da maƙwabciya mai tumatir ta juya baya ta matso, ta yi ƙasa da murya.

"Senga, wai ya ake yi ayaba ta nuna da wuri?"

Nanfuka ta tsaya da kwanon ruwa a hannu. "Shi ya aiko ki?"

"Bai ma san na fito ba."

Ta dubi yarinyar. Fuskar na sheƙi kamar an shafa mata mai, ido ya kasa tsayawa wuri ɗaya, baki na ta ƙoƙarin ɓoye murmushi yana kasawa. Ɗacin ya taso, ya tsaya a inda ya saba tsayawa. Ta haɗiye shi da ƙyar, kamar ƙwayar magani ba ruwa.

"Ki sa ta a buhu da nunannun fiya biyu, ki ɗaure bakin, ki ajiye kusa da murhu. Marar kunya."

Nambirige ta tashi da gudu-gudu sauri-sauri, ta bar ganyen da ta zaɓa a kan tebur.

"Me amarya ke so da sassafe haka?" mai tumatir ta tambaya.

"Girki take koyo."

Nanfuka ta zauna a kan kujerarta, kwanon a cinya. Tun tana budurwa take cikin ayaba, ta sare ta, ta ɗauke ta a ka, ta ci abinci da ganyenta, ba ta taɓa ƙosawa wata ta nuna ba. Sannan ta tsoma hannu a ruwan ta ci gaba da yayyafi, don rana ta fara ɗagawa, ganye kuwa ba ya jira.